Direban Doguwar Baranda

Ka taɓa tambayar kanka inda direban bas yake kai idanunsa ranar da ya ajiye makulli? Hannu ya huta, ƙafa ta huta, gadon baya ma ya gode wa Allah. To ido fa? Idon da ya saba shan hanya tun asuba, ya dubi gaba, ya dubi madubi, ya sake duban gaba, ina zai sa kansa a tsakar gida mai bango huɗu?

Idanun kawuna dai bango suka koma kallo. Yayan mahaifiyata ne, ƙuruciyarsa da girmansa duk a kan kujerar doguwar bas ya yi su, irin wadda take tashi da sanyin safiya ta isa da almuru. A bayan motarsa an rubuta "Sannu-sannu kwana nesa", abokan aiki suka gutsure rabin maganar suka liƙa masa, har yau a cikinsu ba mai kiransa da wani suna sai Kwana-Nesa. Yakan ce bai taɓa taka ko kaza ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce akwai wata akuya da ba ta sami damar ba da shaida ba.

Da kamfani ya ce shekaru sun cika, aka ba shi agogon bango aka yi masa tafi, sai ya dawo gida ya kafa kujera a bakin ƙofa. Yana zaune hannuwansa biyu a ɗan ɗage bisa gwiwa, kamar akwai sitiyarin da mu ba ma gani. In ka yi masa magana daga baya, sai ya fara ɗaga ido sama ta dama, inda madubi ya kamata ya kasance, kafin ya tuna ya juyo.

"Ke da kike da dabara," in ji Inna wata rana da na je gaishe su, "ki nemo wa kawunki abin yi. Mutum ya bi ni har kicin yana ce min in rage gudu. Jiya na juyo da tukunya, wai ban sa sigina ba."

Ni kuwa shago gare ni a bakin ƙofar babban asibitin garinmu. Bokiti, flas, sabulu, kofi, tawul, duk abin da mai jinya ya manto a gida. Daga kan kantata ina ganin yadda ake sauke marasa lafiya daga tasi, wani a goya shi, wani mutum biyu su tallabe shi ƙafafunsa na jan ƙasa. Halina ne ba na iya ganin abu ban ƙirga ba. Na zagaya bayan ɗakin ajiya na ƙirga kekunan marasa lafiya goma sha ɗaya, huɗu kaɗai ke tafiya. Masu tura su biyu ne, asibiti guda. A layinmu kuma na ƙirga dattawa goma sha huɗu masu ƙafa da lafiya, ba abin da suke turawa sai rana zuwa faɗuwa. Lissafin ba shi da wuya. Na sami shugabar nas-nas, ta ce in dai mutanen kirki ne kuma ba za su taɓa magani ba, ga kekuna nan, ga riga mai ruwan ganye kowa ya ɗora a kan kayansa.

Na koma wurin Kawu.

"Kawu, akwai motoci goma sha ɗaya a ajiye ba direba."

Ya ɗago. "Wane kamfani?"

"Kamfanin Allah ya biya. Ba albashi."

"Injinsu fa?"

"Kai ne injin."

Ya daɗe yana kallona. Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Tafi da shi, 'yar nan. Aro na ba ki, ba sai kin dawo da shi da wuri ba."

Bai zo shi kaɗai ba. Ya janyo amininsa Mai Walda, wani gajeren tsoho mai faɗa wanda wuta ta cinye masa gashin gira tun da daɗewa. Suka baje a bayan ɗakin ajiya da giris da sifana, wannan keken ya ba da taya, wancan ya ba da birki, kafin wata ya ƙare kekuna tara suna tafiya. Biyun da suka rage Mai Walda ya ce sun yi sadaka da kansu.

Kawu ya zaɓi nasa, mai shuɗiyar kujera, ya riƙe shi riƙon mota. Da safe sai ya matsa tayoyi da babban yatsa, ya gwada birki hagu da dama, ya goge mazauni. Ba ya tashi sai fasinja ya ce ya zauna daidai, don shi bai taɓa cewa mara lafiya ba, fasinja yake cewa. Gangara da baya yake sauka, jikinsa ya tare keken. Akwai ramuka bakwai a siminti tsakanin ƙofa da ɗakunan kwanciya, kowanne kafin ya kai sai ya ce, "Rami a gaba, a riƙe."

Duk da haka satin farko fuskarsa ba walwala. Ya zo shagona shan ruwa, ya ce, "Tuƙin makafi nake yi, ɗiyata. A bas fasinja yana bayana, amma ina ganinsa. Ta madubi na san wanda amai ya taso wa, na san wadda take kuka a ɓoye, na san wanda ya wuce tasharsa yana jin kunyar faɗa. Nan kuwa ga mutum a gabana, ƙeya kawai nake gani. Ƙeya ba ta gaya maka komai."

Kashegari sai ga shi da wani tsohon madubin gefe naɗe a tsumma, ragowar motarsa ta farko. Mai Walda ya ɗaura shi a kan ɗan ƙarfe, a hannun keken na hagu, ƙasa-ƙasa wajen gwiwar mai zama. Suka karkata shi yadda Kawu daga baya yana ganin fuskar fasinja, fasinja kuma in ya duba, idanun Kawu zai gani suna kallonsa. Daga ranar bakin Kawu ya buɗe.

Barandar asibitin doguwa ce, tagogi ashirin da uku a jere a gefe ɗaya. Da hantsi rana takan shigo ta kwanta a ƙasa gunduwa-gunduwa, mai tafiya ya shiga haske, ya shiga inuwa, ya sake shiga haske. A waje akwai bishiyar mangwaro da igiyoyin shanya, fararen zannuwan gado suna kumbura suna saɓewa. Nan ce hanyar Kawu.

Fasinja na zama sai ya tambaya, "Ina za mu sauke ki, Iya?"

"Wurin gwajin jini, Baba Direba."

"Wannan na likita ne. Ke ina kike son zuwa?"

Tsohuwar ta ce garinsu, rabonta da shi tun rasuwar yayarta. Ya tambaye ta me ake fara gani in an kusa. Ta ce wata gada mai ƙarfe, bayanta gonakin rake. Shi ke nan, ya tashi mota. Muryarsa ƙasa-ƙasa, daidai kunnenta. Ga mu mun fita gari, in ji shi, shaguna sun fara ja da baya. Ga masu keke da buhuna. Iska ta sake ƙamshi, an yi ruwa jiya a nan. Ki duba hagu, shanu ne suke gangarawa rafi, balbela a bayan kowace. Rami a gaba, a riƙe, wannan gadar ce, kin ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashinmu. Yana faɗa yana duban madubi. In ya ga idonta ya lumshe sai ya rage tafiya, in ya ga bakinta ya motsa sai ya yi shiru ta ƙarasa da kanta: bayan raken akwai rijiya, bayan rijiyar gidan mai ƙofar langa-langa. Aka ɗibi jininta tana ba nas labarin rijiyar.

Ni da ba na son ɓata lokaci, ranar ina biye da su da bokitin da aka yi oda daga ɗaki na uku. Sai a ƙarshen baranda na farga na wuce ɗakin, ina tsaye da bokiti ina jiran in ga gidan mai ƙofar langa-langa.

A haka Mai Hoto ya shigo hannun Kawu. Dogon mutum ne mai tsabta, wanda rabin garin nan suka taɓa zama a gaban kyamararsa, masu aure, masu gama makaranta, masu neman lasin. Hawan jini ya buge shi ya shanye masa ɓarin hagu, hannu da ƙafa, bakin ma ya ja gefe, idon hagu ya sauko. Matarsa ke kawo shi a tasi wurin gashi, wato ɗakin da ake motsa gaɓoɓi don su tuna aikinsu. Matar da ke yi masa, muna ce mata Mai Gashi, ta faɗa musu ƙarara cewa watannin farko su ne zinariya. In ya riƙe zuwa, ƙafa za ta iya dawowa, hannu ma wataƙila. In ya yanke, jijiyoyi za su sandare a yadda suke, sai dai a ci gaba da ɗaukarsa har ƙarshen rayuwa.

Kawu na ganinsa ya gane shi. "Kai ne ka yi min hoton lasin na fito kamar ɓarawon awaki."

Maganar Mai Hoto ɗaya-ɗaya take fitowa, kamar ɗigon famfo. "Abin da ka kawo... shi na ɗauka."

Suka shaƙu tun a nan. Da Kawu ya tambaye shi inda yake son zuwa, sai ya lumshe ido. Can ya ce akwai wani tafki. Yana saurayi ya hango shi ta tagar mota da sassafe, farin tururi kwance a kan ruwa, kwale-kwale ɗaya, mutum ɗaya a tsaye a ciki kamar an zana shi da gawayi. Kyamara na wuyansa, amma fim ya ƙare tun daren jiya. Bai san sunan wurin ba, bai sake bi ta hanyar ba.

"Na san shi," in ji Kawu, wanda bai san shi ba. "Da ɗan nisa. A zauna daidai."

Tafiyar tafkin ba ta sauri, don Mai Hoto fasinja ne mai tsayar da mota. A taga ta biyar sai ya ɗaga hannun dama, Kawu ya taka birki, su tsaya suna kallon yadda rana ke ratsa zanin gado a kan igiya. A ta goma sha ɗaya ya ce a dakata inuwar ganye ta gama wucewa a bango. Kullum sai su isa ƙofar gashi tafkin yana bayan tudu na gaba. Mai Gashi ta ce yatsun ƙafarsa sun fara amsawa.

Sai ranar amalanke. Daf da ɗakin gashi barandar tana da kwana, wurin ba taga, sai doguwar farar fitila a sama. Suna shiga kwanar wani ma'aikaci ya fito da amalanken zannuwa, gefensa ya gogi madubin ya juya shi. Kawu ya duba ya ga silin maimakon fuska. Shekarunsa a hanya sun koya masa abu ɗaya: direba ba ya tsayawa a kan kwana don gyaran madubi, sai ya miƙe hanya. Don haka ya ci gaba da turawa, yana ci gaba da labari. Ga tudun nan mun hau, in ji shi, iska ta yi sanyi, ka ji warin ruwa, ga tsuntsaye suna tashi. Bai san madubin ya juyo daidai fuskar mai zama ba. Duk tsawon kwanar da abin da ya biyo bayanta, Mai Hoto kansa yake kallo.

Da Kawu ya tsaya ya miƙa hannu zai gyara, Mai Hoto ya ce, "Juya."

"Saura ƙiris, ga ƙofar nan."

"Juya... ka mai da ni."

A bakin ƙofa, bayan an sa shi a tasi, matar ta ja Kawu gefe. Tun ranar da abin ya faru, in ji ta, ta kwashe duk madubban gidan, har na banɗaki. Ita ke masa aski, ita ke gyara masa hula. Kowa ce masa yake bakin ya ɗan karkace kaɗan, ba a ma lura. Ta ga madubin keken tun ranar farko, ta so ta ce a cire, amma da ta leƙa ta ga idanun Kawu ne a ciki sai ta yi shiru.

Ranar gashi ta zo, ba su zo ba. Ta sake zagayowa, shiru. Mai Gashi ta aika, matar ta ce ya juya wa bango fuska, abinci ma sai da lallashi. Mai Gashi ta tsaya a shagona sayen sabulu, ta ce abin da aka samu a ƙafar nan zubewa yake kamar ruwa a kwando, in aka ƙara jinkiri ba ta da abin da za ta yi masa.

Kawu ya kwance madubin ya sa a aljihu. Yana zuwa da safe, yana matsa taya, yana cewa rami a gaba, daga nan ba ƙari. Tsohuwar mai garin rake ta dawo karɓar sakamako, ta waiwayo ta ce, "Baba Direba, yau motar ba rediyo?" Ya ce ya lalace. Mai Walda ya ce laifin mai amalanke ne, Kawu ya ce mai amalanke ba shi da lasin, shi ke da shi.

Na ga zaman ba zai haifar da komai ba. Na rufe shago, na roƙi shugabar nas-nas aron shuɗin keken, na tare tasi zuwa gidan Mai Hoto. Kawu ya ce me za a yi da keke. Na ce direba ba ya zuwa ɗaukar fasinja da ƙafa.

Matar ta shigar da mu ɗakin. Labule a rufe da rana tsaka, iskar ɗakin mai nauyi, warin man zafi. Hotuna sun cika bango amma duk an kifa su, gilashinsu na kallon siminti, don gilashi ma yana nuna fuska. Mai Hoto na kwance, bayansa muke gani.

Kawu bai yi lallashi ba, bai yi wa'azi ba. Ya ja kujera ya zauna, ya ciro madubin ya ajiye a kan gado. "Na kawo maka mai laifin," in ji shi. "Ni ne direbansa, ni na ga ya juya ban tsaya ba. Ka yafe min. Shi kuma ka fasa, ko a jefa a shara, yadda ka ga dama."

Na fara ƙirga hotunan da ke kife. Ina kan na talatin da shida murya ta fito daga wajen bango.

"Wane jaki... ya ɗaura shi?"

"Mai Walda."

"A gwiwa." Ya yi numfashi. "Daga ƙasa... ake kallon mutum? Ko amarya ka ɗauka daga ƙarƙashin haɓa... kwaɗo za ta fito. Ga fitila... a tsakar ka. Mugunta ce ko jahilci?"

"Jahilci ne, ranka ya daɗe. Mu hanya muka karanta."

"Tashe ni."

Muka tashe shi, muka jingina shi da filo. Ya ce a buɗe labule, matar ta yi sauri za ta zuge duka, ya ce rabi. Haske ya shigo siriri, ƙura na iyo a cikinsa a hankali, ya sauka a gefen gadon. Ya sa muka juya shi har hasken ya kwanta a kuncinsa na dama. Ya ce Kawu ya ɗauki madubin. Sama. Ƙara sama, ya wuce ido. Matsa baya. Karkato.

Sai ya duba. Matar na bakin ƙofa, ta cusa bakin gyalenta a baki. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke cikin madubin, irin kallon da yake yi wa baƙon da ya shigo shago ya zauna a kan kujera yana jin kunya.

"Ɗaga haɓa," ya ce masa a hankali, ya kuma ɗaga. "Juyo kaɗan. Kar ka yi murmushi... bai iso ba tukuna."

Hannun Kawu ya gaji saboda daɗewa a sama, amma bai sauke ba.

"Kowace fuska... tana da ɓarin da ya fi," in ji Mai Hoto. "Duk wanda ya zo wurina... sai na sha wahala na nemo masa. Wannan dai... bai ba ni wahalar nema ba." Ya karkata ido wajen matarsa. "Ke kuma... dubi gemuna. Ashe a karkace kike min aski... ba mai gaya min."

Ta yi wata dariya da ta haɗe da kuka, ta fita da sauri.

Ya ce a matso da keken. Madubi ba gwiwa ne wurinsa ba, in ji shi, a dama za a ɗaura, a sama, kuma shi zai saita da kansa tunda ba a sami mai hankali a cikinmu ba. Kawu ya kwanto ƙarfen ya mayar hannun dama, ya ɗaga shi iya tsayinsa. Mai Hoto ya riƙe madubin da hannun dama ya karkata shi yadda yake so. Saura a ɗaure noti, kuma wannan aikin hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe ɗaya ya murɗa. Kawu ya miƙo hannu, Mai Hoto ya harare shi. Ya saki madubin, ya kamo hannunsa na hagu da na dama, ya ɗora shi a kan ƙarfen. Hannun ya zame ya faɗo kan cinya. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa. Ya tsaya yana kallonsa kamar ɗan da aka aika ya ƙi tashi.

"Yarinyar nan... mai murɗa mutane," in ji shi. "Yaushe ne ranarta?"

"Gobe."

"Ka goge kujerar."

Da safe tasi ta tsaya, Kawu na jira da keke, ya sa rigarsa mai ruwan ganye da Inna ta goge har tana ƙyalli. Suka shiga baranda. An yi yayyafi da asuba, tagogin duk sun yi raɓa, hasken da ke shigowa laushi gare shi kamar an tace. Kawu ya tashi motar daga inda suka tsaya. Hanya jiƙaƙƙiya, in ji shi, ba kowa a kanta sai mu. Ga wata mata da itace a ka, ta tsaya tana kallonmu. Ga doki a ɗaure a gindin bishiya, tururi na tashi daga bayansa. A madubin da aka mayar sama ta dama yana ganin ɓarin dama na fuskar fasinjansa, ido a lumshe. Da suka zo kwanar nan mai farar fitila, Kawu ya tsaya cak, ya duba ko wani na tahowa, sannan ya shiga.

Mai Gashi ta yi wa Mai Hoto faɗa kamar ɗan firamare. Zaman da ya yi a gida bai tafi a banza ba, ya ci abin da ya ci. Hannun bai dawo duka ba, yatsu biyu ne ke aiki, babba da manuni. Bakin ya dawo rabin hanya ya tsaya. Amma ƙafa ta amsa. Ina wurin ranar da ya miƙe tsakanin ƙarafa biyun da ake dafawa, gumi na zuba, matarsa a gaba tana miƙo hannu yana ce mata ta matsa tana tare masa haske. Kawu na bakin ƙofa riƙe da keken da ba kowa a ciki.

Yanzu da sanda yake zuwa, kuma ya karɓi tasa rigar mai ruwan ganye. Ba ya iya tura kowa. Aikinsa madubai, don duk kekuna taran an ɗaura musu, shi ke saita kowanne da yatsunsa biyu, yana rigima da Mai Walda a kan tsayi. Inna ta ɗinka wa kowane madubi 'yar hula. Kafin a tashi sai an tambayi fasinja, a buɗe ko a rufe, kuma abin da ya ce shi ne. Dattawan sun kai goma sha tara, akwai tsohuwar malamar makaranta mai raka waɗanda suka ɓata, akwai tsohon tela mai zama kusa da waɗanda ba a zo dubawa ba. Har yanzu muna neman ƙari, don ƙofa ɗaya kawai muke iya kula da ita, asibitin kuwa ƙofa uku gare shi.

In akwai dattijo a gidanku da ya fara yi wa mutanen gida sintiri a kicin, ko kuwa kai ne dattijon, ku gwada safiya ɗaya kawai. Ku je asibitin da ya fi kusa, ku nemi shugabar nas-nas, ku tambaya ko akwai keken da ba mai turawa. Ku matsa tayar ku gani ko da iska, gangara ku sauka da baya, kuma kafin ku tashi ku sunkuyo ku tambayi mai zama inda yake son zuwa.